Shekarar da Kwamfuta Ta Ƙi Muryar Kaka Lariba

Ranar addu'ar arba'in ta mahaifiyarku, bayan baƙi sun ragu, Razak ya kunna muryar kakarku Lariba a wayarsa, ya ce wa dangin da suka zo daga Salaga, "Baba ne ya ceto mana wannan. Kwamfutar tana ta mutuwa, shi ya gano ciwonta." Na ji, na sunkuyar da kai, na bar shi a haka, domin ranar ba ta gyaran magana ba ce. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ba haka aka yi ba, kuma wadda za ta yi dariya ta gyara zancen ba ta nan. Shi ya sa na ajiye labarin zuwana Tamale da nake rubuta muku a gefe, na fara rubuta wannan, don kai Razak da ke Memuna ku sani, ku gaya wa 'ya'yanku.

A lokacin ina da shagon gyaran rediyo da talabijin a unguwar Dabokpa da ke Tamale, kowa yana kirana Masta, har Ajara mahaifiyarku, sai dai ita tana jan sunan yadda za ka san tsokana ce. A shekarar ne na sayo tsohuwar kwamfuta daga Kumasi, baƙin akwati mai tsayi da allo mai ƙusumbi. Ban taɓa murna da wani ƙarfe kamar yadda na yi da ita ba. Abokina Alidu, Badagombe mai shagon kwamfuta a hanyar Sagnarigu, shi ya riƙa koya mini. Ranar da ya nuna mini cewa in aka jona makirfo za ta ɗauki murya ta adana, har ta zana ta a allo kamar tuddai, sai da na tashi tsaye. Na ɗauki carar zakaran maƙwabta, na ɗauki tarina, na yi sallama na amsa wa kaina. Ina da dalilin wannan zumuɗi. Muryar mahaifina tana cikin kaset guda ɗaya, zafi ya narkar da zaren, rediyo ya tauna sauran, ni mai gyara ina kallo. Tun daga nan na yanke ƙauna daga kaset, na ma rabu da rikodar da nake da ita. Wayoyin lokacin kuwa ba su riƙe doguwar magana.

Da bazara ta kama, aka kawo Kaka Lariba daga Salaga don aikin ido. Za ta zauna wurinmu har idon ya warke, sannan ɗanta, kawunku Mumuni, ya zo ya ɗauke ta. Ita kaɗai ta rage da ta san salsalar gidansu: kakan da ya zo da fatake, jakuna ɗauke da kanwa suna komawa da goro, zangon da suka sauka, wa ya auri wa, wane gida ne namu a wane gari. Ba ta taɓa yarda a rubuta ba, ta ce takarda tana faɗawa hannun kowa. Ajara ta daɗe tana tsoron ranar da za a wayi gari babu mai faɗa. Ni kuwa suruki ne, ko abinci ban taɓa ci a gabanta ba, balle in roƙe ta. Ajara ce ta yi ta lallashi har ta amince, muka kawo kwamfutar gida, muka kafa ta a ɗakin zama.

Tsohuwa ta shigo, ido ɗaya a ɗaure, ta dubi akwatin da ɗayan.

"Wancan abin da ke ƙyalli, idonsa ne?"

"Ɗan haske ne kawai, Mma," in ji Ajara.

"To a rufe masa. Ba na kiran sunan matattu wani abu yana zuba mini ido. A kashe fankar nan kuma, ƙasusuwana ba sa son iska."

Na ji daɗin maganar fankar, don ƙararta tana shiga makirfo. Na rufe taga saboda babura. Ajara ta buɗe akwatin kayanta ta ciro zanen saƙi mai kauri, wanda tsohuwar ta ba ta ranar aure, ta lulluɓe akwatin kwamfutar da shi har ƙasa. A idonmu duka wannan girmamawa ce. Na juya allon yana kallona ni kaɗai, na durƙusa na ce, "Bismillah, Mma." Ta gyara murya ta fara. Ban san tana da irin wannan bakin ba. Sunaye suna fita kamar ana jan carbi, kowane da laƙabinsa da abin dariyarsa, tuddan suna ta gudu a allo, zuciyata tana bugawa don murna. Ta kai wurin da ayarin zai haye kogi, wajen rabin awa ke nan, sai na ji "ƙit". Allo ya yi baƙi. Duk abin da ta faɗa ya tafi, domin sai an gama ake adanawa.

Ku lura da abin da na yi, don a nan kuskuren yake. Ban taɓa akwatin ba. Na ba ta haƙuri, na raka ta ɗakinta, na durƙusa a bakin ƙofa ina ƙara ba da haƙuri har ta sallame ni, kamar yadda ya kamaci suruki. Kafin in dawo an fi rabin awa, Ajara ta ninke zanen, ta buɗe taga, ta kunna fanka. Na danna kwamfuta ta tashi garau kamar ba ita ba. Na ce wuta ce ta yi rawa. Na aro sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta wurin Alidu, na sauya soket, na bar ta tana aiki tun la'asar har isha ba ta ko yi tari ba.

Zama na biyu da hantsi muka yi, gari ya ɗan yi lumshi. Na yi dabara, na ce zan riƙa tsayar da ita ina adanawa kaɗan-kaɗan. Da na ɗaga hannu karon farko, ta juyo wurin 'yarta.

"Ajara, gaya wa mijinki ni ba jakin fatake ba ce da za a ce tsaya, a ce tafi. In na yanke, zaren ya ɓace."

Na sauke hannuna. Ta yi fiye da awa ɗaya, ta haye kogin, ta iso Salaga, har na fara murmushi ni kaɗai. Ƙit. Wannan karon da na dawo daga rakiya, Ajara tana tsaye da zanen a hannu.

"Masta, zanen nan fa da zafi. Kamar an sauke shi daga dutsen guga."

"Bazara ce, Maman Razak. Me ba shi da zafi a garin nan? Ki bar mini aikina, ni ma ban taɓa shiga tukunyarki ba."

Haka na ce mata. Na rubuta shi yadda na faɗe shi. Ta dube ni, ta ce, "To, Masta," ta mayar da zanen akwati.

Na ɗaure kwamfutar a bayan babur na kai shago. Na kwance murfin gefe, na kunna fankar shago a kanta don ni kaina in sha iska, na shiga bincike. Ba zan ɓoye muku ba, duk da damuwar, daɗi nake ji, irin na maharbi da ya ga sawu. Na ciro ram, wato 'yan faifan da take riƙe aikin da ke hannunta da su, na goge bakinsu da magogin fensir, na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na sauya akwatin da ke raba mata wuta. Na bi wayoyi da mita. Na duba 'yar fankar da ke ciki, na ga tana juyawa, na wuce. Alidu ya zo ya nemi bairos bai samu ba, muka share komai muka zuba mata sabo. Kwana uku tana karanta wa'azi a shago daga safe zuwa magariba, ko gezau.

"Masta, kwamfuta naka lafiya lau," in ji Alidu da Hausarsa ta kasuwa. "Magana na tsohuwa ne ya yi nauyi. Wannan inji na Bature ne, bai saba ɗaukar kakanni ba. Ka nemo farin zakara."

"Kai da ka yi karatun abin kake faɗar haka?"

"Na karanta inji, ban karanta suruka ba. Ni nawa suruka, in ya shigo gida, ko rediyo shiru yake yi."

Muka yi dariya, amma da na hau babur sai na tarar maganar ta bi ni. Abin da ke aiki a ko'ina, ya mutu a gaban mutum ɗaya tak, kuma ba a lokaci ɗaya ba, me za ka kira shi?

Zama na uku bayan azahar ne, ranar Laraba, kwanon rufi yana ƙara don zafi. Mun shirya ɗaki kamar kullum. Ko minti goma ba ta yi ba. Kaka Lariba ta ji shirun da na yi ta gane. Ta lalubi sandarta.

"Sau uku ke nan na tashe su daga barci a banza. Ba su son abin nan, ni ma na bar shi. Wanda ya riƙe a ka ya riƙe."

A yammacin nan saƙon Mumuni ya iso cewa ranar Asabar zai zo, motar azahar za su bi. Ajara ta shigo da kwano. Ta zuba mini tuwo, ta koma gefe ta zauna tana kallon ƙofar ɗakin uwarta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari Alhamis ina shago, na kwance wani talabijin amma hankalina ba ya kansa, sai ga Ajara a bakin ƙofa tana haki, mayafi a karkace. Ita da ba ta zuwa shagona sai da dalili.

"Masta, rufe shago."

"Lafiya? Mma ce?"

"Mma tana barci. Rufe, ka zo ka ga aikin tukunya."

Kun san sana'arta man kaɗe ce. Shekara da shekaru tana soya ƙwara tana kaɗawa, hannunta ya san zafi fiye da kowace mita da ke shagona. Ashe duk zaman da muka yi tana kallon abin da nake dannawa. Da muka isa ta sa ni na zauna a kujerar tsohuwa. Ta kunna kwamfutar da kanta, ta sa ta ɗaukar murya, ta rufe taga, ta kashe fanka. Ta ɗauko marafan gwangwani biyu, ta gutsuro man kaɗe daidai wa daida ta sa a kowane. Ɗaya ta ɗora a kan akwatin ta lulluɓe da zanen, ɗaya ta ajiye a kan tebur.

"Yanzu yi magana," ta ce. "Kai ne Mma."

"Me zan ce?"

"Faɗi sunayen kayan da ka sauya mata. Ai sun kai salsala."

Na fara lissafa su ina jin kunya, ita tana tsaye hannu a ƙugu. Ban kai ƙarshe ba, ƙit. Ta ɗaga zanen da sauri ta ce in kawo hannu. Na taɓa ƙarfen na janye. Man da ke kan akwatin ya zama ruwa yana sheƙi, na kan tebur kuwa ya yi laushi kawai, yana nan da siffarsa. Sau biyu ta gwada kafin ta zo kirana, ta ce, sannan ta gwada babu zane da fanka a kunne, kwamfutar ba ta mutu ba.

"Ba Mma take ƙi ba. Mu ne muke shaƙe ta. Kai kuma kullum sai ta huce kake zuwa duba ta, kamar mai zuwa gaida mai zazzaɓi bayan ya yi wanka."

Na yi kabbara da ƙarfi har na manta akwai mai barci. Na kama hannayenta biyu, da man da komai, ina ta cewa, "Zafi ne! Wallahi zafi ne!" kamar ni na gano. Nan take na kwance murfin. Akwai wani farin mai da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ƙarfen da ke janye mata zafi, na tarar ya bushe yana marmashewa kamar tsohon ƙuli. Fankar da na gani tana juyawa, da na sa yatsa kusa, iskarta ba ta kai ta numfashin jariri ba. A fili tana iya lallaɓawa. A cikin zane, a ɗaki rufe, ba ta da hanya. Shi ya sa ranar lumshi ta daɗe, ranar azahar ta faɗi da wuri. Na garzaya wurin Alidu, ya saurara, ya riƙe baki.

"Man kaɗe? Oi! Masta, ka ba madam shago, kai ka koma kaɗa mai."

Ya kankaro mini ɗan ragowar farin man daga wani tsohon bututu, amma fanka irin tata sai an aiko daga Kumasi, ba za ta iso kafin Asabar ba.

Saura tsohuwa. Ranar Juma'a Ajara ta shiga ɗakinta da zanen, ni ina waje a tsugune ina ji.

"Mma, ba kakanni ne suka ƙi ba. Zanenki ne. Mun rufe abin da shi, zafi ya sumar da shi."

Sai na ji dariya, irin wadda take ƙarewa da tari.

"Wannan zanen? A bazara? Ai ko ni aka rufe da shi sai an yayyafa mini ruwa. Shi malamin naki bai sani ba?"

"Ya sani, Mma, mantawa ya yi."

"Hm. Gobe bayan asuba. Sau ɗaya. Amma ban yarda ya kalle ni ba, kuma ban yarda da iska ba."

Muka yi shawara. Wayoyin ba su da tsawo, iyakar inda akwatin zai kai shi ne bakin ƙofa, bayan labule, inda ba za ta ga haskensa ba. Na cire murfin gefe. Na gwada fankar lantarki a wurin, sai ta riƙa kaɗa labulen tana tura iska ɗaki, ƙararta kuma ta cika makirfo. Na ce wataƙila buɗewar da sanyin safiya sun isa.

"Kalmar 'wataƙila' ba za ta shiga ɗakin nan gobe ba," in ji Ajara. Ta tafi madafa ta dawo da maficin da take hura gawayi da shi.

Na ce ta zauna gaban uwarta, ni in yi fifita. Ta ce wa zai kula da allo, wa ya san abin da za a danna in an gama? Na ce mu kira wani. Ta ce salsalar gidansu ba ta kunnen maƙwabta ba ce. Ita da ta fi kowa son wannan zama, ita ta zaɓi bayan labule.

Asabar, da muka idar da salla, tsohuwa ta zauna, ta yi bismilla, ta faro daga farko. Ni ina kallon tuddan nan suna tafiya, gumi yana bin bayana tun rana ba ta fito ba. Ta haye kogi. Ta iso Salaga. Ta wuce inda muka taɓa kaiwa, ta shiga sunayen da ban taɓa ji ba, gidajenmu na Yendi da na Kumasi, wadda aka aurar ta gudu ta dawo da akuya, wanda ya yi rantsuwa ba zai ƙara cin goro ba ya mutu da shi a baki. Rana ta hau kwano, ɗaki ya fara ɗumi, ni kuwa ban ɗauke ido daga allo ba. Ta ƙasan labule ina hango ƙafar mahaifiyarku da gefen maficin yana sama yana ƙasa. In hannun dama ya gaji ta mayar hagu. Fiye da awa biyu. Sai tsohuwa ta sauko kan 'ya'yanta, ta sauko kanku, ta yi salati, ta ce, "Iyakar abin da aka ba ni ke nan."

Na danna adanawa. Na jira. Ya shiga. Na kwafe shi a wuri na biyu kafin in yarda in yi numfashi, sannan na kunna mata kaɗan. Ta karkata kai tana saurare.

"Wace tsohuwa ce wannan mai surutu haka?"

Daga bayan labule dariya ta ɓarke. Ajara ta shigo da rarrafe, don ƙafafunta sun yi sanyi, ta kifa kai a cinyar uwarta, tana dariya tana hawaye. Ni na fita tsakar gida ina zagaye ba takalmi, ban san inda za ni ba. Mumuni ya iso ya tarar da ni a haka ya ɗauka wani abu ya faru. Da azahar suka hau mota. Kaka Lariba ba ta ƙara zuwa Tamale ba. Mahaifiyarku kuwa kwana biyu ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura kallabi ba, ni na riƙa shafa mata man a kafaɗa, tana cewa, "A hankali, Masta, wannan ba rediyo ba ne."

Da mutane suka fara yabona, na so in gyara, ta hana. Ta ce mai shago shi ke buƙatar suna, ita man kaɗenta yana sayar da kansa. Na karɓa, kuma na daɗe ina karɓa fiye da yadda ya kamata.

Yanzu ga abin da nake so ku yi. Ku sami wuri marar hayaniya, ku sa abin ji a kunne, ku ƙara sauti. A ƙarƙashin muryar kakarku akwai wani ɗan sauti, fif, fif, fif, daga farko har ƙarshe. Ba lalacewar ɗauka ba ce. Hannun mahaifiyarku ne. Na saurara sau da yawa a watannin nan, ban sami inda ya tsaya ba sai wuri ɗaya, can kusa da ƙarshe, inda tsohuwa ta ce, "Sai na haifi Ajara, ranar ruwa, ita ce mai kunnen gidan." A nan ya yi shiru kamar na numfashi biyu. Sannan ya ci gaba.